Kwana Uku Kafin Ɗaya ga Mayu

Shafi na 14

Na ga saƙonninku. Masu cewa Odessa ta cika taurin kai da masu cewa babanta mugu ne, duk ku karanta wannan tukuna, sai mu ga wanda zai iya maimaita maganarsa.

*

Ranar Lahadi ce, an dawo daga coci, ƙamshin soyayyar kaza ya cika gidan Garland Pruitt har barandar baya. Can Odessa ta tsaya da ledar shara a hannu, ko rigar cocin ba ta cire ba. Ba don sharar ta fito ba, ta fito ne don ta samu inda za ta yi numfashi.

Kwana uku suka rage. Ranar Laraba, ɗaya ga Mayu, duk wanda ya samu gurbin karatu a jami'a sai ya faɗi inda za shi, ya biya kuɗin kama wuri. Ita kuwa wurare biyu ne a hannunta. Ga babbar jami'ar jiha, awa biyu da rabi daga garinsu Toledo, mai ɗalibai sama da dubu hamsin, wadda babanta ba ya rabuwa da hularta sai in zai shiga coci. Ga kuma Kwalejin Tillery can cikin gonakin masarar Iowa, tafiyar awa tara a mota, ɗalibanta duka ba su kai dubu ɗaya da ɗari uku ba. Tillery sun ba ta tallafin da ya sa kuɗin wuraren biyu ya zo kusan ɗaya, don haka ba kuɗi ne rigimar ba. Rigimar ita ce babanta Garland ya gama magana tun watan Maris: inda yayanta Wendell yake karatu, nan za ta.

Ƙofar ta buɗe a bayanta. Wendell ne, sanye da rigar sanyi mai tambarin jami'ar, ya jawo ƙofar a hankali ya rufe.

"Kina nan kina shirya yadda za ki ɓata mana abinci?"

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Rigar ta yi maka kyau. A wurin aikin ma suna barinka ka sa ta, ko sai in za ka zo gida kake ciro ta daga jaka?"

Ya waiga ya kalli tagar kicin, sannan ya matso.

"Rage murya."

Sati biyu ke nan da ta gano. Ranar da jami'ar ta gayyaci sababbin ɗalibai su zo su ga wuri, sai ta sulale daga cikin ayari don ta kai masa kek ɗin da Mama ta ba ta, ta yi masa ba-zata. Wanda ya buɗe mata ƙofar ɗakin ya ce ai Wendell ya tashi tun Janairun bara. Da tambaya da komai ta same shi a wani katafaren sito a bayan gari, sanye da rigar ma'aikata ruwan ɗorawa, yana loda kwalaye a tirela. Zango biyu a jere ya faɗi jarrabawa, tallafinsa ya tafi, makaranta ta ce ya je ya huta. Tunda ya wuce sha takwas ba wanda ya rubuto wa iyayensa. Wata goma sha biyar yana zuwa gida duk hutu, yana zama a tebur yana ba babansu labarin wahalar karatun injiniya.

Ranar a cikin motarsa kuka ya yi mata, ya riƙe hannunta yana roƙo. Ta yi masa alkawarin ba za ta faɗa ba, kuma ba ta faɗa ba. Amma yau ba roƙo ne a fuskarsa ba.

Ya sake jero mata shirin nasa, wanda ta ji a waya har ta haddace. In ta zo jami'ar, Baba zai kama musu gida mai ɗaki biyu kusa da makaranta. Shi zai nemi a mayar da shi da kaka, ita ta taimaka masa da lissafin da ya kayar da shi. Nan da shekara biyu ya gama, ya ce wa Baba ai karatun injiniya shekara biyar ne, ba wanda zai taɓa sani.

"Wato ni ce bargon da za ka lulluɓa da shi," in ji ta.

"Ke ƙanwata ce."

"Shi ya sa na yi shiru. Amma shekara huɗun rayuwata ba ta cikin alkawarin."

Ya yi wata dariya marar daɗi.

"To tafi Iowa. Ke kaɗai baƙa a aji, suna taɓa miki gashi, suna tambayarki ra'ayin duk baƙaƙen Amurka a kan komai. Mai kitso ma sai kin yi tafiyar awa biyu. Wata uku na ba ki, za ki kira Mama kina kuka."

"Mu goma sha ɗaya ne a ajin da na zauna. Malamar ta tambayi sunana, ta yi minti ashirin tana musu da ni a kan abin da na faɗa. Kai fa? Ka ɓace wata goma sha biyar, akwai wanda ya ɗaga waya ya tambayi inda ka shiga?"

Maganar ta soke shi, ta gani a yadda muƙamuƙinsa ya motsa. Sai ya zaro waya daga aljihu, ya ɗan latsa, ya juyo mata da fuskar wayar.

Layin farko kawai ta karanta, ledar sharar ta suɓuce daga hannunta.

*Ina da shekara tara na fara karanta wa babana wasiƙunsa.*

Rubutunta ne, wanda ta aika wa Tillery lokacin neman gurbi, da suka ce kowa ya rubuto abin da ya mayar da shi mutumin da yake. Garland ya yi shekara ashirin da tara a ma'aikatar haɗa motoci, ba injin da ba zai kwance ya mayar ba, amma karatu bai taɓa zama masa ba. Yana gane sunansa, yana gane lambobi da alamun hanya, bayan wannan sai ya ce ya manta tabarau. A coci haddar waƙoƙi yake yi, ya riƙe littafin kawai. Wannan magana ba a taɓa furta ta da baki a gidan ba, ko sau ɗaya. Odessa kuwa ta zauna ta rubuta ta tsaf, ta tura wa mutanen da ba su taɓa ganinsa ba.

"A ina ka samu?"

"Kin bar shi a kwamfutar gida. Mai ilimi da ke, ko gogewa ba ki iya ba." Ya mayar da wayar aljihu. "In kika buɗe baki a kaina, zan karanta masa daga farko har ƙarshe. Ki danna inda ya ce, kowa ya ci abincinsa lafiya."

Daga ciki muryar Mama Lorene ta taso tana cewa abinci zai huce.

*

Teburin ya cika kamar kowace Lahadi: kaza, makaroni da cuku, dafaffen ganye, burodin masara, da tulun shayi mai sanyi. Garland na zaune a kujerarsa ta kai, ya kwance ɗamarar wuya ya naɗe hannun riga. Suka riƙe hannun juna ya yi addu'a. Ya gode wa Ubangiji da abinci, ya gode masa da ɗansa da ya kusa zama injiniya, da 'yarsa da za ta bi sawunsa. Odessa ta ji hannun Wendell ya matse nata har ƙashi kafin a ce amin.

Ba a yi loma biyar ba Garland ya miƙa hannu ƙasan kujera ya ɗauko kwamfutar gida, ya ture kwanon ganye ya ajiye ta a gabanta, ya ɗora katinsa na banki a kai.

"Dessa, buɗe ki gama mana da wannan abin yau. Ba na son aikin ranar ƙarshe."

Fuskarsa a sake take. Ya shiga ba su labarin yadda fasto ya tsayar da shi a bakin ƙofa yana taya shi murna, yadda abokan aikinsa suka ce da kaka sai sun yi hayar mota sun je kallon ƙwallo tare, yara biyu a makaranta ɗaya. Ya ce har ya sa an nemo masa gidaje uku da za su je su duba.

Odessa ta ajiye cokali mai yatsu.

"Baba, Tillery nake so."

Lorene ta ci gaba da yanka burodi kamar ba ta ji ba. Garland ya gama tauna abin da ke bakinsa, ya goge hannu.

"Mun wuce wannan."

"Kai ka wuce. Ni ba a tambaye ni ba."

"Odessa Renee Pruitt," in ji Lorene, ba tare da ta ɗago ba, "ki san da wa kike magana."

Garland ya ɗaga wa matarsa hannu. Ya ce a bar ta ta faɗi, shi ma yana so ya ji. Ya tambaye ta me za ta karanta a can. Ta ce tarihi, wataƙila da falsafa, sai shekara ta biyu ake zaɓa. Ya tambaya wane kamfani ne yake ɗaukar mai tarihi, nawa suke biya. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa haɗuwa da wanda ya san sunan makarantar nan ba, ya tambayi wanzaminsa, ya tambayi mai kawo wasiƙu, kowa sai ya ce ina ne nan. Amma jami'ar jiha, ko a wane gari ka ambace ta sai an gyara tsayuwa.

"Makarantar da duka-duka ba ta kai makarantar sakandarenku ba," ya ce. "'Ya'yan masu kuɗi ne suke zuwa can su zauna a ciyawa suna tunanin duniya, don sun san in sun fito kujera na jiransu a kamfanin ubansu. Ke wace kujera na ajiye miki?"

"Ba kujera nake nema ba. Ina son inda in na yi shiru a aji za a lura."

"A lura da ke? Karatu za ki ko neman mai lallashi?"

"Na shiga ajin farko a jami'arka, Baba. Mutum ɗari shida, malamin yana can ƙasa kamar ƙwaro, da lasifika yake magana. Na san kaina. A wurin nan ɓacewa zan yi."

"Yayanki bai ɓace ba."

Ta kalli Wendell, shi ma ita yake kallo, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin tebur.

"Shekara uku yana can," Garland ya ci gaba, yana nuna shi da ƙashin kaza. "Bai taɓa kira ya ce mini aji ya yi masa girma ba. Ya sa kai ya yi abin da ya kai shi. Da kin samu rabin zuciyarsa da ba mu zauna muna wannan shirmen ba. Amma ke tun kina ƙarama haka kike, kin fi kowa sani, gidan nan ya yi miki kaɗan."

Da ma ta yi niyyar haɗiye komai. Ta yi niyyar ta ce a'a kawai, ta tsaya a kan a'ar, ko da zagi zai yi mata har yamma. Amma rabin zuciyar nan da ya ambata ya tsaya mata a rai.

"Wendell," ta ce a hankali, "wane darasi kuka yi ranar Juma'a?"

Bai jira ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Ya ture kujera ya miƙe, wayar tana hannunsa.

"Baba, kana so ka san da me ta sayi tallafin nan? Ka taɓa tambayar kanka me ya sa turawan Iowa suka ƙwallafa rai a kanta?"

"Wendell, kar ka yi," in ji Odessa.

"Zauna," in ji Lorene. Karon farko ke nan da ta ɗago kai.

Bai zauna ba. Ya fara karantawa da ƙarfi, yana jan kowace kalma.

"Ina da shekara tara na fara karanta wa babana wasiƙunsa. Yakan ce ya manta tabarau, ni kuma nakan yi kamar na yarda. Tabaran suna aljihun rigarsa, ina ganinsu. Na karanta masa takardar wuta, da takardar likita, da wasiƙar da aka rubuto ranar da aka dakatar da su daga aiki, wadda na karanta har ƙarshe kafin na gane abin da take nufi…"

Odessa ta zabura za ta fizge wayar, ya ɗaga hannu sama, tulun shayi ya kife ya malale a kan tebur. Ba wanda ya kula shi.

"Karanta ƙarshen," ta ce. "Tunda ka fara, karanta inda na ce ban taɓa ganin mutum mai kaifin ƙwaƙwalwa irinsa ba. Karanta mana."

"Ya isa."

Garland ne. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗora manyan hannayensa biyu a kan tebur, shayi na bin ƙarƙashinsu, idonsa a kan farantinsa. Da masifa ya yi da ta fi samun sauƙi.

"Mutum nawa suka karanta?"

"Baba, ba don in tozarta ka…"

"Tambayarki na yi. Mutum nawa?"

Ta ce ba ta sani ba. Kwamiti ne, wataƙila biyar, wataƙila shida.

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Matar nan da ta kira gidan nan ran nan, ta ce tana son gaisawa da ni, ta ce tana alfahari da ni. Ita ma ta karanta?"

Odessa ta kawar da kai.

"Na yi ta mamakin me na yi mata." Ya yi wani murmushi da bai kai ido ba. "Shekara ashirin da tara, mutumin da muke aiki kafaɗa da kafaɗa bai sani ba. Fasto bai sani ba. Uwata ta mutu ba ta sani ba. Ashe can an kewaye tebur da kofin kofi ana tausaya wa Garland Pruitt. Nawa suka ba ki a kaina?"

Hawayen da take riƙewa suka zubo. Ta juya ta ga Wendell ya koma ya zauna, yana goge wayarsa da gefen riga, har ya jawo farantinsa gabansa. Wannan jawo farantin shi ya ƙarasa ta.

"Ni gaskiya na rubuta," ta ce. "In laifi ne na ɗauka. Amma ka tambayi injiniyanka me yake yi tun Janairun bara."

"Kar ki sa shi a ciki," in ji Garland.

"An kore shi, Baba. Zango biyu ya faɗi. Kwali yake lodawa a sito, da idona na gan shi. Gidan da kake nema mana, maɓoya yake so ka kama masa."

Garland ya juya ya kalli ɗansa. Wendell ya yi dariya, ya ce ƙarya take, haushi ne, ai kowa ya ga abin da ya faru yanzu. Ya ce aikin siton na ƙarshen mako ne, kowane ɗalibi yana yi. Maganar tana fita da sauri, tana tuntuɓe da juna.

Garland ya ce ya buɗe shafinsa na makaranta a wayar, inda ake ganin sakamako.

Wendell ya ce sai an sabunta lambar sirri.

Garland ya ce ya sabunta, suna jira.

Wendell ya ce ranar Lahadi ba ya yi.

"Kalle ni," in ji Garland. "Karatu ne ban iya ba, kamar yadda ka sanar da jama'a. Fuska na iya. Kana makarantar nan ko ba ka nan?"

Wendell ya kalli uwarsa. Can ya sunkuyar da kai, da wata ƙaramar murya ya ce zai koma da kaka, ya riga ya yi magana da su.

Garland ya daɗe yana kallon tambarin da ke ƙirjin rigar. Shi ya sayo ta da kansa ranar da ya kai shi makaranta, ya sayi uku, har da tasa da ta Lorene.

"Cire ta."

"Baba…"

"Cire rigar nan a teburina."

Wendell ya cire, ya rage daga shi sai farar shimi, ya rasa inda zai ajiye ta, ya ɗora a cinya. Odessa ta ɗauka za ta ji sanyi a ranta in ta ga haka. Ba ta ji ba.

Garland ya miƙe. Ya ce Ubangiji ya ba shi 'ya'ya biyu, ɗaya ya mayar da shi wawa, ɗaya ta mayar da shi abin tausayi, bai san wanne ya fi ba. Ya ɗauke katinsa daga kan kwamfutar ya sa a aljihu, ya tura kwamfutar gaban Odessa da yatsa biyu.

"Danna. Tafi wurin mutanenki, tunda sun san ni sun fi ki jin ƙaina. Amma ba da katina ba, kuma ba da motata za a kai ki ba."

Lorene ta ce a bari hankali ya kwanta, ba yau ba. Ta miƙe tana tattara faranti, ta kai hannu za ta ɗauke kwamfutar wai kar shayi ya shiga ciki.

Odessa ta riga ta. Ta jawo ta gabanta ta buɗe. Tana da kuɗinta da ta tara daga aikin kantin magani na bayan makaranta, za su isa kama wuri. In ba ta danna yanzu ba, ta san gobe za a lallashe ta, jibi a sa fasto ya zo, Laraba ta wuce. Ta rubuta sunanta da lambar sirri.

Shafin Tillery ya buɗe. Koren maɓallin da ta yi wata guda tana leƙawa, wanda aka rubuta karɓar gurbi a kai, babu shi. Sai layi biyu kawai a tsakiyar farin shafi.

Ta karanta. Ta sake karantawa.

"Mene ne?" in ji Garland daga bakin ƙofa. Bai so ya tambaya ba, bakinsa ne ya riga shi.

Kamar yadda ta saba tun tana da shekara tara, ta karanta masa da ƙarfi. Makarantar tana godiya da ta sanar da su cewa ba za ta zo ba, suna yi mata fatan alheri a inda ta zaɓa. An karɓi amsarta ranar Alhamis da ƙarfe goma da minti goma sha biyu na safe.

Ranar Alhamis ƙarfe goma tana ajin kimiyya.

Ta miƙe ta yi kan Wendell, ya ja baya da kujerarsa har ta daki bango, yana rantsuwa bai san lambarta ba, ranar Alhamis yana wurin aiki tun asuba, ta kira ta tambaya. Ta juya kan babanta. Garland ya ce in da zai iya shiga wannan abin ya danna wani abu, da ba a yi rubutu a kansa ba.

Mutum ɗaya ya rage. Mutum ɗaya ce ta zauna kusa da ita ranar da suka cike takardun tallafi, ta rubuta lambar sirrin a bayan littafin waya don kar a manta.

Lorene tana tsaye da faranti huɗu a hannu. Ta ajiye su a hankali, ta goge hannunta da tawul, ta ninke shi.

"Ni ce."

"Mama?"

"Ni na danna." Ba ta kalli 'yarta ba, mijinta take kallo. "Kuma maganar Wendell, tun ranar da aka sallame shi na sani. Ni ya fara kira. Ni na ce kar ya gaya maka."

Garland ya saki marikin ƙofar.

"Yaron nan ya yi wata biyu ba ya iya tashi daga gado, Garland. Sau uku ina tuƙa mota in je in same shi, in ce maka ina aikin ƙarin lokaci a asibiti. Ban san me zan tarar ba duk lokacin da na buɗe ƙofar ɗakinsa." Sai yanzu ta juyo ga Odessa, idonta a bushe. "Ke ko a ina aka jefa ki za ki tashi. Shi ba zai tashi ba. Ba zan bar shi can shi kaɗai wata shekara ba, kuma ke kaɗai yake jin maganarki."

"Ba ki tambaye ni ba."

"Da na tambaye ki, me za ki ce?"

Odessa ta dube ta, matar da ta raka ta har Iowa a motar haya, ta zagaya makarantar da ita, ta ce mata wurin yana da kyau.

Ta rufe kwamfutar, ta rungume ta a ƙirji.

"Gobe ƙarfe takwas ofishinsu zai buɗe," ta ce. "Zan kira su in gaya musu wanda ya shiga da sunana."

"Kira," in ji Lorene. "Amma ki sani, takardun tallafin nan duk shekara sai da sa hannuna. Kuma ba zan ƙara sa hannu a kan Iowa ba."